Yatsan ƙafar yayana ya kumbura, likita ya ce ƙwayar cuta ce ta shiga tsoka, a gida an ce daji ne

Dan_Fagge:
Salam 'yan uwa, don Allah masu sani a taimaka min da bayani. Yayana ne ya taka wani abu a gonar shinkafa, shi dai yace ko ƙaya ce ko guntun ƙarfe bai gani ba tunda cikin ruwa ne, ya shige shi ta ƙarƙashin yatsan da ke kusa da babban yatsa. Ya zare ya ci gaba da aikinsa. Bayan kamar sati wurin ya fara zogi, yanzu yatsan ya yi suntum yana sheƙi, kumburin ya fara hawa bayan ƙafar, ga zazzaɓi da daddare ga kaluluwa ta fito masa a matsematsi. Mun kai shi asibiti likita ya duba yace ƙwayoyin cuta ne suka shiga har tsoka ta kumbura, sai an yi hoto kuma wataƙila sai an tsaga an fitar da mugunya. To nan fa rigima ta tashi, Hajiyarmu da Gwaggo sun dage daji ne kuma daji ba ya son ƙarfe, in aka yi allura ko aka sa wuƙa shikenan ƙafa ta tafi. Shi kansa yayan tsoro ya kama shi ya ƙi komawa. Tambayata, da gaske akwai tsoka a yatsa da har za ta kumbura, ni a sanina ai ƙashi ne da fata? Sannan maganar daji da ƙarfe akwai ƙamshin gaskiya a ciki?

Maman_Ihsan:
Subhanallahi, Allah ya ba shi lafiya. Amma ɗan uwa zazzaɓi da kaluluwa fa kace, me ake jira kuma? Ku lallaɓa Hajiya ku mayar da shi yau ɗin nan.

Bakatsine:
Wannan ai ɗan karkare ne ya fito masa a ƙafa. A samu lemon tsami a huda a zura yatsan a ciki ya kwana, da safe za ka ba ni labari.

Yar_Zazzau:
Bakatsine ɗan karkare a gefen farce yake fitowa ko a kan yatsa, shi kuma yace ta ƙasa abu ya soke shi har kumburi ya hau bayan ƙafa. Ka karanta da kyau mana kafin ka rubuta magani.

Likitan_Unguwa:
Wa alaikumus salam Dan_Fagge. Tambayarka ta farko tana da kyau kuma kusan ka yi gaskiya. Shi yatsan ƙafa kansa ba wata tsokar kirki a jikinsa, ƙashi ne da gaɓoɓi da kitse da fata sai jijiyoyin da ke jan shi. Tsokokin da ke motsa yatsun wasu suna cikin tafin ƙafa a jere hawa-hawa, wasu ƙanana suna tsakanin dogayen ƙasusuwan ƙafar, manyan kuma suna can sama a sharaɓa da gaban ƙwauri, jijiyoyinsu ne suke saukowa har yatsu. To abin da ya soki yayanka ta gindin yatsa ya shiga, wurin kuwa ƙofa ce zuwa cikin tafin ƙafa. Ƙwayar cuta in ta samu wannan hanyar sai ta bi jijiya ta gangara cikin tsokokin, kuma fatar tafin ƙafa tana da kauri, mugunya ba ta iya fasowa ta nan da sauƙi, shi ya sa sau da yawa za ka ga ciwon yana ƙasa amma kumburin a bayan ƙafa yake nunawa inda fata ta fi laushi. Don haka abin da likitan ya faɗa ba baƙon abu ba ne.

Zazzaɓi da kaluluwar nan su suka fi damuna, alama ce abin ya wuce yatsa, jiki gaba ɗaya ya fara amsawa. Ban ga ƙafar ba don haka ba zan yanke hukunci daga waya ba, amma wanda ya ganta yace a dawo, to a koma.

Alhajin_Kwari:
Likita da girmanka, amma maganar iyayenmu fa ba a banza suke yinta ba. Ni da idona na ga maƙocinmu, ƙafarsa ta kumbura aka ce daji ne kar a kai asibiti, 'ya'yansa 'yan boko suka ɗauke shi suka kai, ana yin allura ba a rufa sati biyu ba aka yanke ƙafar daga gwiwa. Wannan ba labari aka ba ni ba.

Sista_Diresin:
Alhaji ina kwana. Don Allah wata nawa maƙocin naku ya yi a gida ana shafe-shafe kafin 'ya'yan su kai shi? Saboda mu da muke wanke irin ƙafafun nan kullum abin da muke gani kenan, sai an gama da mai sakiya, an gama da mai tofi, an zuba kafso an shafa toka da man shanu, yatsu sun yi baƙi wari ya cika ɗaki sannan a kawo mana, in likita yace ba abin da zai ceci ran sai a cire sai a koma gari ana cewa ga shi nan an taɓa daji da ƙarfe. Wanda ya zo da wuri aka tsaga ya warke ya koma gonarsa ba wanda yake ba da labarinsa a majalisa.

Alhajin_Kwari:
Gaskiya ya jima a gida, ya kai wata biyu ko fiye. Kuma yana da suga. Amma dai duk da haka.

Sista_Diresin:
To ka gani Alhaji, ka ba da amsar da kanka.

Wanzamin_Gado:
Ni wanzami ne, na gada kaka da kakanni, bari in faɗi tawa. Masu cewa daji ba ya son ƙarfe ai su ne kuma suke kiranmu mu yi sakiya, to sakiya da me ake yinta in ba ƙarfe ba? Tun zamanin iyayenmu an san kumburin da ya nuna sai an ba shi ƙofa. Abin da mahaifina ya hore ni da shi shi ne kar in taɓa tafin ƙafa da tafin hannu da wuya, yace wuraren nan jijiyoyi sun yi yawa kuma ruwan yana da zurfi, in ka huda sama ka bar na ƙasa ka ƙara wa mutum wahala. Maruru a cinya ko a baya wannan namu ne, amma irin wanda yaron nan ya kwatanta ko an kawo min cewa zan yi a wuce asibiti.

Dan_Fagge:
Baba Wanzami na gode sosai, wlh wannan maganar taka ita zan karanta wa Gwaggo don ta fi jin maganarku a kan ta likita.

Mai_Shayi_Sabongari:
Ku je kemis a haɗa masa ampiclox da diclofenac na kwana uku ku gani, ni haka na yi lokacin da ƙusa ta soke ni kuma lafiya lau. Asibiti kati kaɗai sai ya cinye kuɗin maganin.

Likitan_Unguwa:
Mai_Shayi Allah ya rufa maka asiri ne naka bai yi zurfi ba. Matsala biyu ce a shawararka. Ta farko in mugunya ta riga ta taru a wuri ɗaya jini ba ya shiga cikinta sosai, maganin da aka sha kuma ta jini yake tafiya, to ko buhu guda ya sha ba zai kai tsakiyar ba sai an fitar da ita. Ta biyu diclofenac zai kwantar da zogi da zazzaɓi mutum ya zaci sauƙi ya samu alhali abin yana ci ta ciki, ga shi yana wahalar da ƙoda da ciki musamman ga wanda zazzaɓi ya ƙona wa ruwan jiki. Sannan shan antibayotik na kwana uku a ajiye shi ne yake koya wa ƙwayoyin cutar jure magani.

Tunda an zo nan bari in ɗan faɗaɗa. Akwai ciwon da mugunya ke taruwa a cikin tsoka kanta, an fi saninsa a ƙasashe masu zafi irin namu, wani likita mai suna Scriba ya bayyana shi tun 1885. Ƙwayar da ta fi jawo shi ita ce Staphylococcus aureus, wadda dama tana zaune a fata da cikin hancin mutane da yawa masu lafiya, ita ce dai mai kawo maruru. Yawanci manyan tsokoki yake kamawa, cinya da mazaunai da tsokar da ke cikin ƙugu, a ƙafa ƙasa ba kasafai ba sai in wani abu ya soki mutum ko akwai gyambo kusa. Yana tafiya mataki uku. Da farko wurin zai yi ciwo ya yi tauri kamar katako, ba mugunya tukuna, a nan magani kaɗai yana iya isa. Bayan sati biyu zuwa uku sai mugunya ta taru, a nan sai an fitar. In aka bari sai ƙwayar ta shiga jini, nan ne ake maganar ƙoda ta tsaya, jini ya faɗi, rai ma yana iya tafiya. Yawancin mutanenmu a mataki na biyu suke zuwa.

Ummu_Sadiq:
Likita don Allah ya ake gane ya shiga jinin? Don mu sani.

Likitan_Unguwa:
Zazzaɓi mai karkarwa wanda ba ya sauka, numfashi sama-sama, zuciya na bugawa da sauri, fitsari ya ragu, mutum ya fara surutai ko yawan barci ba ya gane mutane sosai. A ƙafar kuma in ciwon ya fi ƙarfin abin da ido ke gani, ko fata ta fara yin baƙi ko ƙuraje masu ruwa suka taso, ko ka danna ka ji kamar iska na motsi a ƙarƙashin fata, ko kumburin yana hawa cikin awoyi, wannan ko ƙarfe biyun dare ne a nemi mota. Dabara ɗaya mai sauƙi, a sa biro a zagaye iyakar kumburin, bayan 'yan awoyi a duba ko ya tsallake layin.

Sista_Diresin:
Ƙari a kan na likita, a littafi za ka ga an ce wurin zai yi ja, to mu baƙar fata sau da yawa ba za ka ga jan ba. Ka duba sheƙi, ka duba ko ya fi ɗaya ƙafar duhu, ka sa bayan hannunka ka ji zafin ka kwatanta da ɗayar.

Dan_Maradi:
Sannunku da hira. Ba wanda ya yi maganar allurar tetanus, mutum ya taka abu a cikin laka da taki fa. Mu nan in ka je likita da irin wannan ita suke fara tambaya.

Yar_Zazzau:
Wlh kuwa Dan_Maradi. Mu mata muna samu a wajen awo, amma mazan nan wani tun na yarinta bai ƙara ba, wani ma ko na yarintar babu.

Likitan_Unguwa:
Haka ne, kuma ciwo ne daban da wanda muke magana, ita ƙwayar tetanus tana cikin ƙasa da kashin dabbobi, tana son rami mai zurfi marar iska irin na ƙusa ko ƙaya, dafinta ne ke sa haƙora su sarƙe jiki ya sandare. Ba tsatsa ce ke kawo shi ba kamar yadda ake cewa, dattin da ke jikin abin da ya soki mutum ne. Wanda ya cika alluransa ana so ya ƙara duk shekara 10, in kuma rauni mai datti ne kuma ya haura shekara 5 rabonsa da ita sai a ƙara masa. Dan_Fagge ka tambaya ko an yi masa a zuwan farko.

Dan_Fagge:
Ba a yi ba, likitan ya rubuta amma Gwaggo tana tsaye a wurin tace ba mai soka masa allura. Abin da ya sa muka dawo gida kenan.

Zuma_da_Habba:
Ɗan uwa ka yi min magana ta sirri, akwai haɗin da nake yi na zuma da habbatus sauda da man zaitun, kwana bakwai kumburi ko wane iri ne zai sace da izinin Allah, ana aikawa ko'ina.

Admin_Zaure:
Zuma_da_Habba an sha faɗa ba a talla a nan, balle a kan mara lafiyar da ke da zazzaɓi. Wannan gargaɗi ne, in aka ƙara zan cire.

Malam_Na_Tudu:
Admin a yi haƙuri amma kar a raina zuma, waraka ce da nassi. Sai dai ni ma ina ganin neman magani wajen masana ba ya karo da tawakkali, a haɗa da addu'a a je asibitin. Kuma a bi Hajiya da Gwaggo a hankali, tsoro ne da ƙauna suka sa su, ba ƙiyayya ba. A samo wani babba da suke jin nauyinsa ya yi musu magana, yaro ba zai iya juya su ba.

Sista_Diresin:
Malam ba mu raina zuma ba, mu kanmu akwai gyambon da muke sa wa zuma a diresin bayan an wanke an cire mataccen nama, tana taimakawa. Amma buɗaɗɗen ciwo kenan. Shafa ta a kan fatar da take rufe mugunya na can ƙasa ba inda za ta kai.

Baban_Khalifa:
Ni tambayata an gwada sugansa kuwa? Ni mai suga ne, kuma ta yatsa aka gano min. Sabon takalmi ne ya ɗan goge min ƙaramin yatsa, ban ma ji zafi ba, matata ce ta ga safa ta jiƙe. Kafin wani lokaci yatsan ya kumbura ya fara wari, da aka gwada suga na ya yi sama sosai ni ban san ina da shi ba, ina ta shan lemo ina cewa zafin gari ne ke sa ni ƙishirwa da yawan fitsari. An kwantar da ni an yi ta wanki da allurai, Allah ya taimaka yatsan kaɗai aka cire. Yanzu kullum kafin in kwanta sai na duba tsakanin yatsuna da tafin ƙafa da madubi, ba na yawo ba takalmi ko a tsakar gida, kuma sai na zazzage takalmi kafin in sa. Duk wanda ciwon ƙafa ya ƙi warkewa ya gwada suga, kuɗin gwajin bai kai na katin waya ba.

Maman_Ihsan:
Allah sarki Baban_Khalifa, Allah ya ƙara lafiya. Nawa ne ake cewa suga ya hau? Mamana in an gwada sai a ce mata lamba kawai ba bayani.

Likitan_Unguwa:
Hajiya in da safe ne kafin a ci komai, 7.0 ko sama a ma'aunin mmol, wato 126 a ɗaya ma'aunin na mg, shi ne iyakar da ake cewa ciwon suga, in kuma kowane lokaci ne aka gwada ga alamomi to 11.1 ko 200. Akan maimaita don a tabbatar. Na'urori sun bambanta shi ya sa wani zai ce miki 8 wani ya ce 144 kuma abu ɗaya suke nufi. Abin da ya sa suga ke da haɗari ga ƙafa, yana kashe jijiyoyin ji mutum ya taka abu bai sani ba, yana rage gudun jini zuwa yatsu, kuma yana raunana sojojin jiki. Ba suga kaɗai ba, mai HIV da ba ya shan magani, mai ciwon ƙoda ko hanta, mai fama da yunwa, da masu shan dexamethasone ko prednisolone ba bisa ƙa'ida ba don ƙiba ko ciwon gaɓoɓi, duk ƙwayar cuta ta fi samun su da sauƙi.

Yar_Zazzau:
Maganar dexa ɗin nan a ƙara faɗa da ƙarfi, 'yan mata sun mayar da shi kamar alawa wai su yi ƙiba kafin biki.

Hamza_Direba:
Ni fa babban yatsana ne yake tashi cikin dare ya kumbura ko zani ya taɓa sai na yi ihu, bayan kwanaki ya sauka da kansa sai kuma bayan watanni ya dawo. Ban taka komai ba. Shi ma ƙwayar cutar ce?

Likitan_Unguwa:
Malam Hamza naka ya fi kama da gaut, wani sinadari ne da ake kira yurik asid yake taruwa a gaɓa, kuma gindin babban yatsa ne wurin da ya fi so. Yawan jan nama da kayan ciki da lemon kwalba suna tayar da shi, wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari ma haka. Antibayotik ba ya masa komai. Amma ka je a gwada, don gaɓar da ƙwayar cuta ta shiga ma haka take farawa kuma da ido ba kullum ake bambancewa ba.

Hamza_Direba:
Kayan ciki kuma? To ai ni kullum a tasha shi ne karin kumallona. Innalillahi.

Mai_Shayi_Sabongari:
Hhhh direba ka dawo shayi da burodi kawai, ina nan ina jiranka.

Ummu_Sadiq:
Tunda ana lissafo masu kama da juna, iyayen yara masu sikila su ma su sani, jariri in yatsun hannu da na ƙafa suka kumbura yana ta kuka sau da yawa ita ce alamar farko, ɗana haka ya fara tun bai shekara ba muka yi ta shafa man zafi muna cewa targaɗe ne a wajen goyo. Kuma an gaya mana masu sikila ƙwayar cuta tana saurin shiga musu ƙashi, don haka kumburi da zazzaɓi ba ma wasa da shi.

Dan_Gadarif:
Gaisuwa daga Sudan. Mu a nan manomi in ƙaya ta soke shi a ƙafa abin da muke tsoro shi ne wanda ake kira maisetoma, mutanen nan suna ce masa nabit. Shi ba ya zafi da farko, kumburi ne mai tauri yana girma a hankali wata da watanni har shekaru, daga baya ya yi ƙananan ramuka yana fitar da ruwa da wasu 'yan ƙwayoyi baƙaƙe ko farare, yana cin nama har ƙashi. An taɓa kafa cibiya guda ta bincikensa a Khartoum, kuma hukumar lafiya ta duniya ta sa shi cikin cututtukan da aka yi sakaci da su a 2016. Na san na yayanka ba shi ba ne tunda nasa da zafi da zazzaɓi cikin sati, na faɗa ne don manoma su san ba kowane kumburi marar zafi ne lafiya ba.

Dan_Maradi:
Wannan muna ganinsa jefi-jefi a wajenmu ma wurin makiyaya. Duk dai maganar takalmi ce, amma fa wanda bai taɓa shiga fadama ba shi ke cewa a sa rambut, laka tana riƙe shi ka ɗaga ƙafa ka bar takalmi a ƙasa, ga zafi, dole mutum ya cire.

Bakatsine:
To ni dai har yanzu ina kan lemon tsami na, kakata da shi ta yi mana magani duk gidanmu ba wanda aka yanke wa yatsa.

Wanzamin_Gado:
Bakatsine kai dai ka cika taurin kai.

Dan_Fagge:
'Yan uwa ga inda ake. Mun bi shawarar Malam_Na_Tudu muka ɗauko Kawu, yayan Hajiya, na karanta masa abin da Baba Wanzami ya rubuta ya yi dariya yace ai gaskiya ne sakiya ma ƙarfe ce. Shi ya sa baki Hajiya ta yarda, Gwaggo dai ta yi fushi ta tafi gidanta tace ba ruwanta. An yi sikanin an ga mugunya a cikin tafin ƙafar, hoton ƙashi kuma sun ce ba su ga komai ba. An shiga da shi tiyata an tsaga ta ƙasa da ta sama, abin da ya fita wlh ba ka ce daga ƙafa ɗaya ba ne, har da ɗan guntun ƙaya da ya karye a ciki. An yi allurar tetanus, suga kuma lafiya lau. Yana kwance ana ba shi magani ta jijiya, zazzaɓin ya sauka jiya ya yi barci. Sai dai ba su ɗinke ba sun bar wurin a buɗe da auduga a ciki, wannan ya tayar wa Hajiya hankali tana cewa aikin rabi aka yi.

Maman_Ihsan:
Alhamdulillah! Allah ya saka wa Kawu da alheri.

Sista_Diresin:
Masha Allah. Ka gaya wa Hajiya da gangan ake bari, in aka ɗinke ramin mugunya sai ta sake taruwa, ana so ya cike daga ƙasa zuwa sama. Abin da ke kanku yanzu kar a tsallake ranar diresin ko da ya ga sauƙi, ya riƙa ɗora ƙafar a kan filo, kar ya taka ta sai an ce, kar a jiƙa bandejin wajen alwala ya tambayi malamai yadda zai yi shafa ko taimama, kuma don Allah a sa ido kar wani ya zo dubiya ya kwance ya barbaɗa wani abu, wlh muna gani, da safe ka buɗe ka tarar da garin magani a ciki kowa yace ba shi ba ne.

Likitan_Unguwa:
Madalla. Guntun ƙayar nan shi ne dalilin da ko wane magani aka sha ba zai warke ba, kuma ƙaya ko itace ba sa fitowa a hoton ƙashi yawanci, sikanin ya fi ganinsu. Abu ɗaya kuma, hoton ƙashi ba ya nuna ƙwayar cuta ta shiga ƙashi sai bayan kamar sati biyu, don haka in suka ce a sake hoto nan gaba kar ku ce neman kuɗi ne. In ƙashi ya kamu maganin yana kaiwa sati shida ko fiye, wani lokaci a tura mutum asibitin ƙashi irin na Dala. Ka tambaya ko sun kai mugunyar lab, sakamakon ne zai nuna wace ƙwaya ce da maganin da ke kashe ta, yana ɗaukar kwana biyu zuwa uku, wataƙila su canza magani bayan ya fito. In an sallame shi da na sha ya shanye duka.

Alhajin_Kwari:
To Allah ya ƙara sauƙi. Amma ni abin da zan ce wannan dama ba daji ba ne shi ya sa, da dajin gaske ne da ba haka ba.

Yar_Zazzau:
Alhaji to ai matsalar kenan, waye yake tantance na gasken kafin a hana mutum zuwa asibiti? Gwaggo ai rantsuwa ta yi daji ne.

Alhajin_Kwari:
Akwai masu sani 'yata, ba kowa ba ne dai.

Malam_Na_Tudu:
Dan_Fagge kar a manta da Gwaggo, a je a ba ta haƙuri a ɗauko ta ta zo dubiya, zumunci ya fi ƙarfin wannan.

Dan_Fagge:
In sha Allah Malam, ta ma aiko da kunu ɗazu, tace a gaya mana ƙullin da ta shafa ne ya nunar da shi shi ya sa ya fita da sauƙi. Mun ce mata haka ne. Lab sun ce sai jibi. Abin da ke damun yayan yanzu shinkafarsa, wai ko zai iya komawa gona kafin yanka.

Sista_Diresin:
Ya manta da shiga ruwa sai ramin ya rufe ruf, ku ƙannensa ku je ku yi masa.

Uwar_Biyu:
Salam, yanzu na shigo na karanta tun daga sama. Don Allah Sista ni farcen babban yatsan 'yata ne ya shige cikin nama gefen ya kumbura yana ɗan fitar da ruwa, ba zazzaɓi, tana zuwa makaranta da shi. Shi ma sai an tsaga ne ko in jiƙa mata a ruwan ɗumi da gishiri?

Sista_Diresin:
Uwar_Biyu in ba ta da suga ko sikila ki jiƙa mata a ruwan ɗumi da gishiri sau biyu ko uku a rana ki tsane shi sosai, ta bar takalmin makarantar nan mai matse yatsu ta sa silifas kwana biyu ko da za ki rubuta wa malaminsu takarda, kuma a daina yanke farce ana zagaye gefe da reza, a yanke shi a miƙe. In bayan kwana biyu zuwa uku bai ragu ba ko kumburin ya wuce gindin farcen ki kawo ta a duba, wani lokaci sai an cire gefen farcen. Shekararta nawa?